Tarihin Ƙarfe Mai Siffar T da Zuwansa Garin Bauchi

Sanda mai siffar T doguwar sanda ce, ta itace ko ta ƙarfe, wadda aka gitta mata wata gajeriya a kai. Iri biyu ce. Akwai wadda siffarta take a bayyane, kamar sifanar bakanike da hannun famfon keke da turken wutar lantarki. Akwai kuma wadda siffar take ɓoye a jikinta, sai an datse ta an dubi bakin yankan sannan a gane, kamar ƙarfen layin dogo. Ta farko tana ƙara wa hannu ƙarfi wajen murɗawa ko dannawa, ta biyu kuwa tana ɗaukar nauyi mai yawa da ƙarfe kaɗan. Amma tun kafin a san ɗayan waɗannan ayyuka biyu a ilmance, mutane sun riƙi siffar a matsayin alama mai ma'ana.

Zamanin da take alama

Mafi daɗewar misalin da aka tono yana Gobekli Tepe, kusa da birnin Urfa a kudu maso gabashin Turkiyya. A can, wajen shekara ta 9500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutane suka sassaƙa ginshiƙan dutse masu siffar T, waɗansunsu sun haura mita 5 a tsayi, suka jera su a da'ira. Masanin tono Klaus Schmidt ne ya jagoranci aikin wurin tun daga 1995. A jikin waɗansu ginshiƙan an zana hannuwa da yatsu da ɗamara, abin da ya sa masana suke ganin surar mutum ake nufi, gicciyen sama kuma shi ne kai. Wannan fahimta ce ta masana, domin waɗanda suka yi aikin ba su bar rubutu ba.

Da rubutu ya samu, siffar ta shiga cikin haruffa. Wajen shekara ta 1000 kafin haihuwar Annabi Isa, Finikawan gaɓar Lebanon suna da baƙaƙe 22, na ƙarshensu layi biyu ne a gicciye. Girkawa suka ara a wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, suka ɗaga gicciyen zuwa sama, daga baya ya isa ga Rumawa a matsayin T. Harafin ta na Larabci shi ma daga wannan tushe ya fito, ta hanyar rubutun Aramiyawa da Nabaɗawa, sai dai siffarsa ta sauya sarai. Saboda haka ta ɗin ajami da T ɗin boko dangin juna ne, ko da yake ba a hanya ɗaya suka iso ƙasar Hausa ba: ɗaya ya zo da malamai da littattafai ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ɗayan kuma ya kafu bayan da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909.

A wurin Kiristoci siffar ta zama ɗaya daga cikin nau'o'in gicciye. Ana danganta ta da Antoni na Masar, mai zuhudun da ya rasu a shekara ta 356. Ana cewa da irin wannan sanda yake dogarawa a jeji, amma zane-zanen da ke nuna haka an yi su ne ƙarnuka bayan mutuwarsa. Abin da yake a rubuce shi ne, wata ƙungiyar masu jinya da aka kafa da sunansa a Faransa a 1095 tana ɗinka shuɗiyar T a kan baƙar riga, kuma Faransis na Asisi, wanda ya rasu a 1226, da ita yake sa hannu a wasiƙunsa. A Habasha har gobe limaman coci da mawaƙansu suna riƙe doguwar sanda mai kan T, suna jingina da ita saboda doguwar tsayuwar ibada. Al'adarsu tana mayar da asalin wannan ga Yared, mawaƙin cocin da aka ce ya rayu a ƙarni na 6.

A Afirka ta Yamma da ƙasar Hausa

A yankin da Gini da Saliyo da Laberiya suka haɗu, siffar ta zama kuɗi. Daga wajen 1880 maƙeran Kisi da maƙwabtansu suka riƙa ƙera murɗaɗɗen siririn ƙarfe, ƙarshensa ɗaya a baje, ɗayan mai siffar T. Ana ɗaure su dami-dami, yawanci ashirin-ashirin, a sayi goro ko tufafi ko a biya sadaki. Mutanen wurin suna cewa kuɗin yana da rai, in ya karye ba ya ciyuwa sai maƙeri na musamman ya haɗa shi. A aikace kuwa, murɗawar da bajewar suna nuna wa mai karɓa ingancin ƙarfen, domin gurɓataccen ƙarfe ba ya jure su. Faransa ta hana amfani da shi a 1937, Ingila a 1940, amma ya daɗe yana yawo a Laberiya bayan haka.

A ƙasar Hausa siffar ba ta ɗauki wata ma'ana ta addini ko ta sarauta ba, a cikin kayan aiki ta zauna. Masassaƙi yana fitar wa allon karatu wuya da kai mai fiffike biyu, don yaro ya sami abin riƙo kuma a sami wurin ratayewa. Maburgin da ake kaɗa miyar kuka da shi sanda ce da aka gitta wa ƙarshenta 'yan tsinkaye, idan aka murza ta tsakanin tafuka biyu sai su farfasa gudajin garin. Duk na itace ne. Ƙarfe a wancan zamani yana da tsada, domin sai an haƙo tama, an ƙona gawayi, an kwana ana zuga kafin a sami dunƙule guda, saboda haka fartanya da gatari da mashi da takobi ake yi da shi, ba a zuba shi a gini.

Bauchi kafin zuwan dogo, 1809 zuwa 1902

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya karɓo tutar jihadi, shi ya kafa garin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Inkil, ya yi sarauta har zuwa 1845. Labarin baka yana cewa wani maharbi mai suna Baushe ne ya nuna masa wurin, shi kuma ya saka masa da sa wa garin sunansa. Rubuce-rubucen Sakkwato kuwa sun nuna cewa tun kafin nan ana kiran ƙasashen duwatsu da ke kudu da ƙasar Hausa da sunan Bauchi. Wannan faɗin suna ya yi tasiri daga baya a tarihin jirgin ƙasa.

Arzikin ƙarƙashin ƙasa da ya jawo hankalin Turawa zuwa yankin shi ne kuza. Masu narka ta a Liruwe suna zuba ta a ramukan da aka huda da tsinken ciyawa a cikin yumɓu, ta fito sirara kamar kara, fatake su ɗauka zuwa kasuwannin Kano da na bakin Binuwai. A can ma'aikatan kamfanin Neja suka gan ta a shekarun 1880, suka shiga neman inda take fitowa. A watan Fabrairu na 1902 sojojin Ingila suka shiga Bauchi, suka tuɓe Sarki Umaru. Cikin shekara biyu masu binciken ma'adinai na kamfanin suka kafa sansani a Naraguta, kusa da inda garin Jos yake a yau. Matsalar da ta tsaya musu ita ce ɗauka, domin 'yan dako ne suke dakon kuzar a ka har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kusan mil 200.

Yadda aka gano sirrin siffar, 1820 zuwa 1857

Maganin wannan matsala an riga an ƙera shi a Ingila da Amurka shekaru tamanin kafin nan. Idan aka ɗora nauyi a tsakiyar sandar da ke kwance bisa matokara biyu, samanta yana matsewa, ƙasanta yana miƙewa, tsakiyarta kuwa kusan ba abin da take yi. Ke nan ƙarfen da aka tara a tsakiya asara ne, gara a rage shi a mayar sama ko ƙasa, a bar siririn jiki a tsaye yana haɗa su. Shi ya sa azara take fin ƙarfi idan aka kafa ta a kan gefenta maimakon a kwantar da ita a kan faɗinta. Daga wannan fahimta aka sami siffar T, da ƙanwarta mai kama da I.

Dogon ƙarfe na farko na zubi ne, gajere, bai wuce ƙafa 3 ko 4 ba, kuma yana karyewa farat ɗaya. A 1820 John Birkinshaw na masana'antar Bedlington ya sami hanyar mulmula bugaggen ƙarfe ya fito da tsawon ƙafa 15, mai faffaɗan kai da siririn jiki, wato T sosai. Da irinsa aka shimfiɗa mafi yawan layin Stockton zuwa Darlington da aka buɗe a 1825. Aibinsa shi ne ba shi da gindin zama, sai an yi masa mazauni na zubi a kowane taku. A shekarun nan ne kuma Eaton Hodgkinson na Manchesta ya gwada ginshiƙan zubi, ya tabbatar cewa zubi ya fi jure matsi nesa ba kusa ba a kan ja, don haka ya kamata ƙasan ginshiƙi ya fi samansa kauri.

Wanda ya ba dogo siffar da aka sani a yau shi ne Robert Stevens, shugaban kamfanin jirgin ƙasa na Camden and Amboy a Amurka. Ana ba da labari cewa a cikin jirgin ruwa, kan hanyarsa ta zuwa Ingila a 1830, ya nemi guntun katako ya fere samfurin da wuƙa. Abin da takardu suka tabbatar shi ne masana'antar Dowlais da ke Wales ce ta mulmula masa, kuma kashin farko, guda 500, ya isa Filadelfiya a 1831. Dogon Stevens yana da kai inda ƙafar jirgi ke gudu, da siririn jiki, da faffaɗan gindi, wato T ce a kife mai kumburarren kai. Da yake yana iya zama da gindinsa, sai a kafe shi da manyan ƙusoshi a kan gungumen katako, ba a bukatar mazaunin zubi. Charles Vignoles ya shigar da irinsa Turai a 1836. Da Henry Bessemer ya fito da hanyar tace ƙarfe mai araha a 1856, aka shimfiɗa dogon tataccen ƙarfe na farko a tashar Derby a 1857, aka ga ya ninka tsohon ƙarko sau da yawa. Arahar kafawa da ƙarko su suka sa wannan dogo ya zama abin da masu mulkin mallaka suke ɗauka zuwa ƙasashen da suka ci.

Dogo a Nijeriya, 1896 zuwa 1957

An fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901. A Arewa, Gwamna Percy Girouard ya fara layin Baro a 1907, ya isa Kano a 1911. Faɗin layin da aka zaɓa wa ƙasar shi ne ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1,067, domin ya fi araha kuma yana jure kwana mai tsanani. A wurare da yawa an yi amfani da matokaran ƙarfe maimakon katako saboda gara.

Masu haƙar kuza suka matsa lamba, aka gina musu ƙaramin layi daga Zariya, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6. Ya isa Rahama a 1912, ya isa Jos da Bukuru a 1914. An sa masa sunan ƙaramin layin dogon Bauchi, domin a lokacin tsaunukan Jos suna cikin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka yanke Lardin Filato. Amma ko sau ɗaya jirginsa bai taɓa shiga garin Bauchi ba. A 1927 babban layin da ya taso daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan, ya ƙwace masa kaya, har aka rufe shi a 1957. Sakamakon wannan tsari shi ne Jos, wadda ba ta kai ƙauyen kirki ba a 1900, ta zama cibiyar ciniki, Bauchi kuma, mai sarki da ganuwa, ta koma tana aika gyaɗarta da audugarta da fatunta zuwa can a kan jakuna, daga baya a manyan motoci.

Isowar dogo Bauchi, 1958 zuwa 1964

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, lokacin da ɗan Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, yake ministan sufuri. Ya zama Firayim Minista a 1957. A 1958 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancensa na farko, dala miliyan 28, domin gyaran jiragen ƙasa da gina layin Barno. Aikin ya tashi daga Kuru, kudu da Jos, kamfanin Stirling-Astaldi ya yi shi. Dogo ya iso Bauchi a 1961 bayan tafiyar kilomita 166, ya isa Gombe a 1963, ya ƙare a Maiduguri a 1964, jimillar kusan kilomita 640. Shi ne babban layi na ƙarshe da aka gina a ƙasar a kan tsohon faɗi.

Zuwansa ya sauya fasalin garin. Tasha da gidajen ma'aikata suka haifar da unguwar da har yau ake kira Relwe, baƙi daga kudu da sauran lardunan Arewa suka zauna a kewayenta. Gyaɗa da auduga da shanu suka riƙa tafiya kudu a tarago, gishiri da kananzir da siminti da kwanon rufi suna dawowa. Amma layin ya zo a ƙurarren lokaci. A 1964 hukumar ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3 a faɗin ƙasa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar Fatakwal, fari da cutar gyaɗa na farkon shekarun 1970 suka karya noman da aka gina layin dominsa, kuɗin man fetur kuma suka tafi ga titunan mota. Zuwa 1974 fasinja sun ragu zuwa miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma tan miliyan 1 da kaɗan.

Yaɗuwarta cikin gari, 1976 zuwa yau

Lokacin da dogo yake ja da baya ne siffar ta bazu a sauran sassan rayuwa. Da aka ƙirƙiri Jihar Bauchi a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, garin ya zama hedikwata, aka shiga gina ma'aikatu da gadoji da benaye. A irin wannan gini ana zuba dakin, wato shimfiɗar kankare ta bene, da ginshiƙin da ke ɗauke da shi a lokaci guda, su zama T ta kankare: faɗin dakin yana ɗaukar matsi a sama, rodin da aka jera a ƙasan ginshiƙin yana ɗaukar ja, domin kankare ba ya jure ja. Injiniyan Faransa François Hennebique ne ya yi wa wannan tsari rajista a 1892. A ofisoshi da bankuna kuma siraran ƙarafa masu siffar T a kife su ne suke riƙe da fale-falen silin, kowane falle yana zaune a kan leɓɓansu, ana iya ɗaga shi a gyara waya a mayar.

Makarantu ma sun karɓe ta. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bauchi a 1979, da jami'ar fasaha a 1980, wadda daga baya aka sa wa sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ɗaliban zanen gini da na injiniya sun daɗe suna yawo da doguwar rula mai kan T, wadda ake jingina kanta da gefen allon zane a ja layuka a miƙe, kafin kwamfuta ta karɓe mafi yawan aikin.

A fannin ruwa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 zuwa 1990 domin samar da ruwan sha, kuma a shekarun nan aka haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa a ƙauyukan jihar. Famfon tuƙa-tuƙa samfurin Afridev, wanda aka inganta a Malawi da Kenya, yana da hannu mai ƙarewa da T, ana iya tsawaita shi gwargwadon zurfin ruwa, kuma yara biyu suna iya kamawa su danna tare. Ma'aikatan hukumar ruwa da doguwar sanda mai kan T suke buɗe makunnin bututun da ke binne, masu aikin famfo kuma da mahaɗi mai baki uku suke raba ruwa zuwa gidaje.

A garejin babura sifana mai T, musamman lamba 8 da 10 da 12, ba ta barin hannun bakanike. Dalilin farin jininta a fili yake: ƙarfin murɗawa yana ƙaruwa gwargwadon nisan hannu daga noti, kuma idan hannu ɗaya yana turawa ɗaya yana ja, sandar ba ta karkacewa ta cinye kan notin. Idan notin ya saki kuma, sai a juya ta da yatsu ta yi ta gudu da kanta. A bakin titi, T a kan allon hanya tana sanar da direba cewa titin da yake kai ya ƙare, sai dama ko hagu. Masu walda kuwa kullum suna haɗa ta, ta zama ƙafar allon talla ko turken igiyar shanya.

Halin da dogon yake ciki

Shi kansa ƙarfen dogon ya sami waɗansu ayyuka. Guntunsa yana zama uwar maƙera, yana zama ƙararrawar makaranta idan aka rataye shi a bishiya, yana zama turken shinge. Wannan ƙarko nasa shi ya jawo masa ɓarayi, waɗanda suke kwance shi su yanka su sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa, kuma a layin da jirgi ba ya bi ba a saurin gane ɓarnar. An sha yunƙurin farfaɗo da jiragen: an ɗauko ƙwararrun Indiya daga 1979 zuwa 1982, an ba kamfanin CCECC na Sin kwangila a 1995. A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri, mai tsawon kilomita 1,443, wanda ya ratsa Bauchi, kuma a 2024 jirgi ya dawo aiki tsakanin Fatakwal da Aba.

Akwai giɓin da duk waɗannan yunƙuri ba su cike ba. Kamfanonin mulmula ƙarafa na Jos da Katsina da Oshogbo, waɗanda aka buɗe a farkon shekarun 1980, rodi da waya aka gina su su yi. Masana'antar Ajakuta, wadda aka ba Tarayyar Sobiyet kwangilarta a 1979 kuma aka tsara za ta riƙa fitar da ƙarfen dogo, ba a kammala ta ba. Saboda haka ƙaramar T, ta sifana da turke da hannun famfo, tana cikin ikon maƙera da masu walda na Bauchi, suna ƙera ta suna gyara ta. Babbar T kuwa, wadda jirgi ke gudu a kanta, tun daga 1896 daga ƙasashen waje ake sayo ta, kuma duk ranar da za a sabunta layin Kuru zuwa Maiduguri da kuɗin waje za a biya.